Wayarka Ba Ta Ganin Matsin Mai: A Shayar Da Famfo Kafin A Tada Inji

A 'yan shekarun nan wata 'yar na'ura ta shiga hannun matasa masu mota, har da masu tuƙa motar gida ko ta haya. Ba ta fi kwalin ashana girma ba. Ana soka ta a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, sai ta haɗu da waya ta Bluetooth. Da ka buɗe manhaja irin su Torque ko Car Scanner, nan take za ka ga zafin inji, saurin juyawarsa, ƙarfin batir, da lambobin matsalar da kwamfutar motar ta ajiye. Sunanta ELM327. Asalinta aikin wani kamfani ne na Kanada mai suna Elm Electronics, kodayake yawancin waɗanda ke kasuwa kwaikwayo ne. Kafar da ake soka ta kuwa ita ce OBD-II, wadda Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tun daga 1996, shi ya sa kusan duk motar da aka shigo mana da ita daga can tana da ita.

Ina cikin masu cewa duk mai mota ya mallaki wannan na'ura, domin ta rage canki-canka a gareji. Sai dai ta zo da wata illa. Mun fara ɗauka cewa duk abin da waya ba ta nuna ba, to lafiya lau yake. Alhali abin da ya fi saurin kashe inji, wato rashin matsin baƙin mai, a motoci da yawa waya ba ta ganinsa sam.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk injin da aka kwance aka ɗaure, ko aka canza masa famfon mai, ko aka sayo shi daga kasuwa bayan ya daɗe a ajiye, bai kamata a tada shi ba sai an shayar da famfonsa mai, an kuma ga matsin ya hau da ido. Kai mai motar, kai ya kamata ka nemi a yi hakan, tunda kai za ka biya kuɗin wani injin idan wannan ya buga.

Aikin da famfon mai yake yi

Baƙin mai yana kwance ne a kaskon da ke ƙasan inji. Daga nan wani bututu mai rariya a bakinsa yake zuƙo shi zuwa famfo. Famfon ya tura shi cikin filta, daga filta ya bi wasu ƙananan hanyoyi da aka huda a jikin injin, ya isa ga karanshaf, da kamshaf, da sauran sassan da ke juyawa.

Wurin da ya fi buƙatar man shi ne tsakanin karanshaf da abin da kanikawa ke kira metal, wato waɗancan ɓawon ƙarfe masu laushi da karanshaf ke juyawa a cikinsu. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.07 ba a yawancin ƙananan motoci, kusan kaurin silin gashi ko ƙasa da haka. Idan inji yana aiki daidai, karanshaf ba ya taɓa metal ko kaɗan. Yana juyawa ne a kan wani siririn shimfiɗin mai da famfo ke ta turowa babu tsayawa. Da zarar man ya yanke, ƙarfe zai hau kan ƙarfe, ga nauyin fashewar fetur yana dukan fistin daga sama.

Yi wannan lissafin da kanka. Injin da aka tada da sanyinsa yakan juya kusan sau 1,500 a minti ɗaya, wato sau 25 a daƙiƙa. Idan ya yi daƙiƙa 20 kafin mai ya iso, karanshaf ya juya sau 500 ke nan a bushe. Idan kuma yaron gareji ya taka totur wai don injin ya "buɗe", ya kai shi 3,000, to sau 50 ne a kowace daƙiƙa. Ba lallai injin ya buga a ranar ba. Yana iya yin wata uku ko shida yana tafiya, sannan a fara jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, a ce ai injin ne dama ba shi da kyau, ko a ɗora wa man da aka zuba laifi. Ba wanda zai tuna da daƙiƙa ashirin ɗin farko.

Yadda famfo ke rasa jan mai

Duk wanda ya taɓa zuwa fadama lokacin noman rani ya ga yadda ake tada injin ban ruwa. Sai an fara ɗura masa ruwa ta sama har ya cika, sannan ya iya jawo na rafi. Idan ba a ɗura ba, zai yi ta ƙara yana shan fetur, ko ɗigo ba zai fito ba, domin iska yake juyawa. Ginin famfon mai ya bambanta da na injin ban ruwa, amma matsalar tasu iri ɗaya ce.

A cikin famfon mai akwai giya biyu masu haƙora, ko dai a gefen juna, ko ɗaya a cikin ɗaya. Idan suna juyawa, sarari yana buɗewa a ɓangaren shiga, sai man da ke kasko ya hau bututu ya cike gurbin. Amma tsakanin haƙoran da jikin famfon akwai 'yar tazara, kuma man da kansa ne yake toshe ta. Idan famfon a jiƙe yake, yana zuƙa da ƙarfi. Idan a bushe yake, iska ce za ta riƙa zarya ta wannan tazarar, sai zuƙar ta yi rauni, man ya daɗe bai hau ba, wani lokaci ma ya ƙi hawa gaba ɗaya. Shayar da famfo, wanda a Turancin kanikawa ake ce wa firamin, shi ne a jiƙa waɗannan haƙoran, a kore iskar da ke cikin bututu da filta da hanyoyin mai, kafin a bar injin ya kama wuta.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Injin Rover V8, wanda aka daɗe ana sa wa Range Rover da Land Rover, asalinsa na kamfanin Buick ne na Amurka, kuma a tsofaffin samfurinsa famfon mai yana waje ne a gaban injin, sama da inda man yake kwance. An san shi da ƙin jan mai idan ya bushe, har littafin gyaransa ya umurci makaniki ya cika famfon da basilin kafin ya rufe. Masu ƙera injin da kansu ne suka rubuta hakan, ba wani ɗan YouTube ba.

Yaushe famfo ke bushewa? Idan an kwance inji an wanke sassansa da fetur. Idan an sa sabon famfo daga kwali. Idan an cire kasko da bututun zuƙa an bar su kwana da kwanaki. Sai kuma wanda ya fi shafar mu: injin Beljiyam. Injin da ka gani a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, an cire shi daga mota a wata ƙasa, an tsiyaye mansa, ya yi makonni a cikin kwantena a teku, ya zo ya zauna a shago. Tsakanin ranar da ya yi aiki na ƙarshe da ranar da za a ɗaura maka shi, ana iya samun watanni masu yawa. Lafiyayyen inji ne, amma man da ke jikin sassansa ya daɗe da tsiyayewa.

Dalilin da ya sa waya ba ta gani

A nan ne aikina na rubuta manhaja ya sa nake kallon abin da wani ido. A wurinmu akwai bambanci tsakanin bayanin da ke ba ka lamba, da wanda ke ba ka "e" ko "a'a" kawai. Ka ɗauka wayarka ba ta nuna maka cajin batir daga 100 zuwa 0, sai dai idan ya rage kashi 2 ta kunna jar alama. Za ka ce wannan waya ba ta da amfani. To haka fitilar mai take a yawancin motocin da muke hawa, wannan jar fitilar mai siffar buta.

Abin da ke kunna ta ɗan makunni ne da aka ɗaura a jikin inji. Idan matsin ya faɗi ƙasa da wani ƙaramin mataki, wanda a motoci da yawa bai wuce psi 3 zuwa 7 ba, sai fitilar ta kama. Idan ya ɗara haka ko da kaɗan ne, sai ta mutu. Ba ta san bambancin psi 10 da psi 50 ba. Kuma a motoci da yawa, musamman tsofaffi, wayar wannan makunnin ta tafi kai tsaye zuwa dashbod ne, ba ta bi ta kwamfutar injin ba. Abin da kwamfutar ba ta sani ba, ELM327 ba za ta iya karanto maka shi ba. Ko a cikin jerin bayanan da aka saba samu ta OBD-II a kowace mota, akwai zafin ruwa, akwai saurin juyawa, akwai gudun mota, amma matsin mai ba ya cikinsu. Wasu sababbin motoci suna da na'urar auna matsin ta gaske, kuma su ne ke iya ba ka lambobi irin su P0521 ko P0524 idan an samu matsala. Amma ganin manhaja ta rubuta maka babu matsala ba shaida ba ce cewa mai yana zagayawa.

Ga misali da motar da ta cika titunanmu, Toyota Corolla mai inji 1ZZ-FE, irin 'yan 2003 zuwa 2008. Littafin gyaranta ya ce idan injin ya yi zafi, a silo matsin ya kai aƙalla kusan psi 4, amma a juyi 3,000 ana son ya haura psi 40. Ka ga tazarar da ke tsakani. Injin da ke ba da psi 12 a juyi 3,000 yana cikin mummunan hali, amma fitilarsa a mace take, dashbod tsaf, waya tsaf. Akwai wata tsohuwar ƙa'idar kanikawa da ke cewa a samu kusan psi 10 a kowane juyi 1,000. Ba doka ba ce, littafin motarka shi ne alƙali, amma tana nuna maka cewa matsin da ake buƙata yana hawa ne tare da gudu.

Abin da ke ba da lamba ta gaske shi ne agogon awon matsi, mai allura da ɗan tiyo. Ana kwance makunnin fitilar a ɗaura shi a gurbinsa. Ba ya buƙatar data ko caji, kuma kuɗinsa bai kai na fulogi masu kyau guda huɗu a wasu motocin ba. A ganina garejin da ke ɗaure inji amma ba shi da wannan agogon, kamar mai rubuta manhaja ne da ke tura aikinsa Play Store ba tare da ya taɓa buɗe shi a waya ya gwada ba.

Yadda ake shayar da famfon

Hanyar ta danganta da irin injin, amma ga abin da ya kamata ka gani ana yi. Ina magana ne a kan injin fetur. Na dizal da na motoci masu haɗa fetur da batir suna da nasu tsarin, a bi littafinsu.

Na farko, tun wajen ɗauri. Kafin a rufe famfon, a zuba masa mai a juya haƙoran da hannu har su jiƙe, ko a cika shi da basilin idan irin injin da ke buƙatar haka ne. Dalilin zaɓen basilin shi ne yana narkewa da ɗan zafi kaɗan ya gauraye da man. Giris ɗin da ake sa wa ƙafafun mota ba ya narkewa haka, yana iya zuwa ya toshe wata ƙaramar hanya, don haka a nisance shi. Metal da kamshaf su ma a shafa musu mai, ko man ɗauri na musamman mai kauri da ake sayarwa don wannan aikin.

Na biyu, filta. Idan irin wadda ake ɗaurawa bakinta yana kallon sama ce, a cika ta da sabon mai mai tsabta kafin a ɗaura. Filtar da babu komai a cikinta sai famfo ya fara cika ta tukuna kafin ɗigo ɗaya ya wuce zuwa karanshaf.

Na uku, a juya famfon ba tare da injin ya tashi ba. A tsofaffin injina irin Chevrolet V8, distiributa ce ke juya famfon, don haka ana cire ta a zura wani dogon ƙarfe a juya shi da dirila har mai ya fito a sama. Motocin da muka fi hawa yanzu ba haka suke ba. A 1ZZ-FE karanshaf ne yake juya famfon kai tsaye, a 2AZ-FE na Camry kuwa wata 'yar sarƙa ce daga karanshaf. Ba za ka iya juya famfon shi kaɗai ba. Hanya mafi kyau a nan ita ce a tura mai da matsi ta ramin makunnin fitila, da wata 'yar tukunya mai iska da aka yi don haka, har hanyoyin su cika. Idan babu ita, sai a koma ga hanyar kik.

Hanyar kik kuwa ga ta. A tabbatar man ya kai geji. A cire fulogi duka, a zare wayoyin koyil, a cire fiyus ko rile na famfon fetur don kada fetur ya riƙa zuba cikin silinda. Sannan a murɗa makulli injin ya juya kamar daƙiƙa 10 zuwa 15, a saki, a bar kik ya huta kamar minti ɗaya don kada ya ƙone, a sake. Da yake babu fulogi, fistin ba ya danne iska, babu fashewa, nauyin da ke kan metal kaɗan ne, kuma juyin bai wuce 'yan ɗaruruwa a minti ba. Ana haka ana kallon allurar agogo. Da ta ɗaga, ko fitilar ta mutu ana cikin juyawa, mai ya iso. Idan an buɗe murfin zuba mai aka ga ya fara jiƙa sassan sama, to an ƙara samun tabbaci.

Idan an yi sau uku ko huɗu allura ba ta motsa ba, a tsaya. Ci gaba da juyawa zai share ɗan man da aka shafa wajen ɗauri. A koma a duba: ko robar da ke bakin bututun zuƙa ta tsage tana shan iska, ko an manta da ita, ko rariyar ta toshe da gam ɗin gasket da aka lafta da yawa, ko bawul ɗin rage matsi da ke jikin famfon ya maƙale a buɗe.

Bayan an mayar da komai an tada injin, a bar shi a silo, ido a kan agogo. Kada wanda ya taɓa totur sai an ga matsin ya zauna.

Hujjar masu cewa ɓata lokaci ne

Na san abin da wani tsohon makaniki zai ce: shekara ashirin ina ɗaure inji ban taɓa yin wannan ba, kuma motocin suna kan titi. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Famfo da yawa suna kusa da man, idan sabbi ne kuma an ɗan jiƙa su, cikin daƙiƙa kaɗan suke ja. Makanikin kirki kuma ko bai san kalmar firamin ba, za ka ga yana tsoma kowane ƙarfe cikin mai kafin ya ɗaura, wanda rabin aikin ke nan. Haka nan juyen mai na yau da kullum ba ya buƙatar duk wannan hidimar, domin famfon bai bushe ba. Ka zuba mai, ka tada, ka ga fitilar ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, shi ke nan.

Inda na saɓa da shi shi ne, yana ƙirga motocin da suka bar garejinsa da ƙafarsu ne kawai. Wadda ta buga bayan wata biyar a hanyar Zariya, wani garejin aka ja ta, labarin bai dawo masa ba. Mu ma a harkar manhaja haka take: mutumin da manhajarka ta rufe masa a fuska ba ya rubuto maka, goge ta yake yi ya sauke wata. Rashin jin ƙorafi ba ya nuna babu matsala.

Sannan a auna abin da za a kashe da abin da za a iya asara. Cire fulogi da fiyus da juya inji sau biyu ko uku bai fi minti ashirin ba. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai kuɗin inji guda, da kuɗin aiki karo na biyu, da makonnin da mota za ta yi a ajiye. Ga matashin da ke biyan kuɗin motar haya duk mako, ko wanda ya tara kuɗin injin da kyar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

Abin da shayarwa ba ta gyarawa

Kada kuma a ɗauki wannan a matsayin maganin kowace jar fitila. Famfo ba ya ƙirƙirar matsi shi kaɗai. Shi dai yana turo mai ne, matsin yana samuwa ne saboda man yana ƙoƙarin fita ta ƙananan tazara. Kamar tiyon wanke mota ne: ka danne bakinsa da yatsa ruwa ya yi ƙarfi, ka saki ya yi laushi. Idan metal ya cinye tazarar ta buɗe, mai zai riƙa zubewa cikin sauƙi, matsin ya faɗi, ko da famfon sabo ne dal.

Alamar wannan ita ce fitilar da ke mutuwa da safe idan injin da sanyi, amma ta fara ƙyaftawa a silo bayan ya yi zafi, misali a cikin cunkoso. Man ya tsinke da zafi, tazarar kuma ta yi faɗi. Wannan injin metal yake nema, ko famfonsa ya gaji, ko rariyarsa ta cika da dauɗa. Shayarwa ba za ta yi masa komai ba.

A nan ne ake yin dabarun da suka fi ba ni takaici. Wani zai zuba mai mai kauri fiye da wanda kamfani ya rubuta, ko ya ƙara wani ruwa mai yauƙi kamar zuma, don fitilar ta mutu a samu a sayar da motar. Wani ma zare wayar makunnin zai yi gaba ɗaya. Irin abin da ake yi wa janareta ne idan na'urar gane ƙarancin mai ta hana shi tashi, sai a cire wayarta a ce ta cika fitina. Mai rubuta manhaja ya san wannan halin sarai: ka ɓoye saƙon kuskure don allo ya yi kyau, matsalar tana nan tana cin bayanan mutane a ɓoye. Shi ya sa idan za ka sayi mota ta hannu, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ka tada ba. Dole ka ga jar butar nan ta kama. Idan ba ta kama ba, wani ya taɓa ta, ko ƙwan ya mutu, kuma ko wanne ne sai an bincika.

Idan kuma kana cikin tafiya ta kama ta tsaya, ka sauka gefen titi ka kashe injin nan take. Wannan ba saƙon WhatsApp ba ne da za ka share ka duba anjima. Ka duba geji. Idan man ya yi ƙasa, ka cika ka gwada. Idan man yana nan amma fitilar ta ƙi mutuwa, a ja motar. Wataƙila makunnin ne kawai ya lalace, hakan yana faruwa sosai, amma agogo ne zai faɗi haka, ba zato ba.

Inda wayar ke da amfani

Duk wannan ba ya nufin ka ajiye wayarka idan ka shiga gareji. Tana da aikin da za ta yi, sai dai ka san iyakarta. Ka nemo littafin gyaran motarka a intanet, ka duba shafin matsin mai, ka ɗauki hoton lambobin. Ka duba irin man da kamfani ya ce a zuba da yawan litarsa. Ranar da za a tada injin, ka kunna agogon waya ka ƙirga daƙiƙun kik. Ka ɗauki bidiyon allurar awo a silo da kuma a juyi 3,000 bayan injin ya yi zafi, ka ajiye shi tare da kwanan wata. Idan bayan wata shida aka sake aunawa, kana da abin kwatantawa, kuma idan gardama ta taso tsakaninka da mai sayar da injin a cikin kwanakin gwajin da ya ba ka, kana da shaida a hannu. Ita kuma ELM327, cire wayoyin koyil da fiyus yakan bar wasu lambobin matsala a kwamfutar motar, da ita za ka goge su, ka kuma sa ido a kan zafin injin a rabin awar farko.

Saura yadda za ka faɗa wa makaniki. Kada ka je masa da "na gani a intanet", domin ba mai son yaro ya koya masa sana'arsa a gaban yaransa. Tun ranar da kuke ciniki za ka sa maganar a ciki: "Oga, don Allah ranar da za a tada shi ina so a cire fulogi a juya shi tukuna, mu ga mai ya hau a agogo. Idan akwai ƙarin kuɗin aiki zan biya." Makanikin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, wani ma zai ce maka ai dama haka yake yi. Wanda ya ce ba shi da agogon, ka saya ka kai masa, ko a aro a garejin maƙwabta. Wanda kuwa ya yi maka dariya ya ce inji ba ya buƙatar wannan, to ka sake tunani kafin ka bar masa injin da ka sha wahalar tara kuɗinsa.

Mun iya bincike kafin mu sayi waya. Muna duba girman batir, da ƙarfin kyamara, da yawan ma'adana, mu kalli bidiyo goma kafin mu cire kuɗi. Injin mota ya ninka wayar tsada sau da yawa, kuma daƙiƙunsa na farko bayan ɗauri suna cikin waɗanda suka fi yi masa tasiri. Ka kasance a wurin ranar, ka tsaya kusa da agogon, kada a mayar da fulogi sai ka ga allura ta ɗaga.